Mutumin da Ya Koya wa Damisa Mantawa da Shi

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ko gaisuwa ce a cikin mutane sai na shirya mata. Aikina a gidan namun daji shi ne goge gilashin da ake kallon damisa ta cikinsa. Ranar da Baban Damisa ya yi ritaya aka tambaya ko akwai mai magana, na sunkuyar da kai har aka watse. To abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada.

Kullum kafin a buɗe wa jama'a ƙofa ya riga ya iso, da bokitin nama a hannu. Tun daga nesa yake gyaran murya, domin a cewarsa ba a faɗa wa mai gida babu sallama. Sai ya lallaɓa ta ta shiga ɗakin ciki, ya sa sakata, ya jijjiga da hannu ya tabbatar, sannan ya shiga filinta. Ba ya ajiye mata nama a wuri ɗaya. Yau a tsakanin rassa, gobe a bayan dutse, jibi a cikin ramin kututture. "Uwar ɗakina ce," in ji shi, "amma ba zan mayar da ita raguwa ba. Ta nema ta ci."

Waɗanda suka daɗe a wurin sun ce da ya zo babu komai a filin nan sai siminti da ƙarfe, dabba tana ta kai da komo kamar mai jiran labarin asibiti. Shi ya roƙa aka fasa simintin. Shi ya dasa ciyawar nan da ta kai ƙugu, ya jawo mataccen icce da taimakon masu gadi, ya bar mata duhuwa a kusurwa inda ido ba ya kaiwa. Da aka ce ai za ta ɓuya, sai ya ce wadda take da wurin ɓuya ita ce ke fitowa da ranta a kwance.

Haka kuwa aka yi, har masu ɗaukar hoto suka gano wurin. Akwai ɗaya da muke kira Mai Taɓarya, saboda tsawon hancin kyamararsa. Yakan zauna tun safe yana gumi.

"Baba, ka ce wa uwar ɗakin nan taka ta fito mana, haske zai wuce."

"Ka aiko ka ce kana tafe?"

"Haba Baba, ko surukata ba ta ja mini aji haka."

"Surukarka 'ya kawai ta ba ka. Wannan kuwa suna take ba ka. Durƙusa ta nan gefen, katanga ba za ta fito a hoton ba. Kuma ka daina wannan surutun."

Bai taɓa buga ƙarfe don ta firgita ta ɗago kai ba, bai kuma yarda wani ya yi ba. Hotunan da aka ɗauka a nan sun shiga kalanda, sun hau bangon ofisoshi, masu kallo suna rantsuwa a tsakiyar daji aka ɗauke su. Ciyawar tasa ce, iccen nasa ne, amma ko gefen hularsa babu a ciki.

Bara ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Damisa ta ƙi cin abinci. Abokin aikinsa, wanda muke kira Dogo, ya kawo mata kaza, ya kawo hanta, ko sansanawa ba ta yi ba. Sai da aka ɗauko Baba a bayan babur yana ɗingishi, ya yi gyaran murya, sannan ta sauko. Kowa ya yi ta mamaki, ana cewa ga damisa ƙi sabo ta saba. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Wannan ba abin yabo ba ne," ya ce wa Dogo. "Ta tsufa, ba ta da jikin yunwa. Ni kuma tafiya zan yi. In na tafi haka, na kashe ta."

Daga nan ya soma wani aiki da ban taɓa ganin an yi ba: ya shiga janye kansa. Ya cire rigar aikinsa ya ba Dogo, ya ce kada a wanke, don ta riƙa jin warinsa a jikin wani. Rigar ko cibiyar Dogo ba ta rufe ba.

"Baba, matata ta ce ko ni ko rigar nan, ɗaya zai kwana a waje."

"To ka samo tabarma."

Ya koya masa gyaran muryar, ya tsaya a bayansa shiru. Da aka kwana biyu ya koma bakin famfo, daga can ya koma rumfar masu gadi. A ƙarshe ya dawo gefena, bayan gilashi, kamar baƙo. Ran da Dogo ya kira ta ta sauko ba tare da ta waiwaya neman kowa ba, Mai Taɓarya ya ga Baba yana share ido.

"Baba, kuka?"

"Sabulun yarinyar nan ne. 'Yata, rage shi."

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, domin har lokacin yana cikin gidan, kuma hancin damisa ba ya ƙarya. Ba wanda ya san abin da za ta yi in ya tafi gaba ɗaya. Ranar ƙarshe, da aka gama shan lemo, ya bi ta ƙofar baya, hanyar da ba ta wucewa ta gabanta. Na bi shi da jakarsa, na daure na ce, "Baba, ko sallama?"

"In na yi mata sallama, na rushe abin da na gina."

Baba, kai ne ka mayar da keji gida. Kai ne aka so ka, ka ɗauki son ka damƙa wa wani da hannunka, don wadda take son ka ta rayu. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ƙafa, ya sa ka ci hutunka cikin kwanciyar rai. Ku kuma da kuke riƙe da wani abu, ko aji ne, ko shago, ko marar lafiya, ku duba wannan dattijo. Kada ku bari abin da kuka yi rainonsa ya faɗi ranar da kuka matsa.

Washegarin tafiyarsa na yi sammako, na manne fuskata a gilashi tun ban goge shi ba. Da farko ban ga komai ba. Sai can sama, a kan babban reshe, ga wutsiya tana lilo, ga ƙashin haƙarƙari an suɗe shi tas. Na ɗauka da wayata, hoton ya fito dishi-dishi. Na roƙi Dogo ya rufa mini asiri, na hau mota zuwa gidan Baba.

Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, ya ɗaure takalmin aikinsa. Matarsa ta ce tun asuba yake nan, ya hana ta shara. Na durƙusa na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Ta ci?"

"Ta ci, Baba."

"Ta neme ni?"

Na ce, "A'a."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Madalla," ya ce. Ya sunkuya ya soma kwance igiyar takalminsa.