Karan Hancin 'Yata

Ban je wankan gida ba saboda mahaifiyata ta rasu. Gwaggon mijina ce ta zo daga rugarsu ta bayan Bunkure ta zauna da ni. Ran da ta fara ɗaukar jaririyar, ta juya fuskarta wajen haske ta daɗe tana kallo.

"Ina hancin?" ta ce. "Ko a asibiti kuka manto shi?"

'Yan barka suka kwashe da dariya. Dangin mijina duk masu dogon karan hanci ne. Namu kuwa a kwance yake, irin na kakata wadda aka haifa Bamagujiya. Gwaggo ta ce wannan hancin ba zai zauna a zuriyarsu ba, ita za ta tashe shi.

Kullum bayan wankan safe sai ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta danna a hancin, ta matse da yatsu biyu ta ja. Yarinyar ta yi ta tsala ihu har muryarta ta dishe. A sakandare an nuna mana hoton ƙoƙon kai. 'Yan ƙasusuwa biyu ne a saman hanci, na maza kan fi girma, kuma kowace al'umma da irin nata, gado ne. Na san ja ba ya ƙara su. Amma 'yar fari ce, a gaban manya ko kallonta bai kamata in yi ba.

Sau ɗaya na ce, "Gwaggo, anya ruwan nan bai yi zafi ba?"

"Au, a kan 'yar fari kike magana? Lallai boko ta cinye kunya."

Mijina yana can yana ban ruwa a gonar tumatir. Da na gaya masa sai ya shafa nasa hancin ya ce haka aka yi musu duka.

Wata safiya hancin ya kumbura, ya yi ja yana ƙyalli. Gwaggo ta saɓa yarinyar a kafaɗa gida-gida tana cewa, "Ku gani, ya tashi." Mata na ta masha Allah. Ni kaɗai na lura ta kasa shan nono, sai ta kama ta saki tana neman iska ta baki.

Da Gwaggo ta shiga banɗaki na goya yarinyar, na bi bakin kanal ɗin ban ruwa na tari adaidaita zuwa Kura. Ma'aikaciyar asibitin ta duba ƙunar, ta dube ni.

"Ke ce uwar? Kina zaune aka yi wannan?"

Ta shafa mata magani, muka koma gida.

Kumburin ya sauka, hancin ya koma yadda Allah ya yi shi, sai tabo fari a kai. Gwaggo ta ɗaure kayanta tana cewa na ɓata mata aiki, saura ƙiris.

Yanzu yarinyar tana rarrafe, numfashinta na fita da ɗan fito. Shekaranjiya Gwaggo ta aiko cewa tana nan tafe bayan yankan shinkafa, wai ƙashin bai ƙosa ba tukuna. Mijina ya ce in share mata ɗaki. Na share. Tun ranar, ko ruwan shayi na ɗora ya fara tafasa sai in ɗauki yarinyar in goya ta.