Ƙofofin Gidan Torunn

Torunn maƙwabciyata ce a Vardø, garinmu na bakin teku can ƙuryar arewacin duniya inda rana ba ta fitowa da hunturu, kuma tun tasowata na san ta da taurin kai a kan farin fenti. A masana'antar gyaran kifi ta ƙare ƙuruciyarta, hutunta kuwa buroshi ne a hannu. Bango fari, ƙofofin ciki farare, har kabad bai tsira ba. Na taɓa kawo mata zancen shuɗi mai duhu, ta harare ni.

"Rana ta guje mana duk hunturu, sannan in sayo duhu a gwangwani? Kanki ɗaya kuwa?"

Mijinta Eilif, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya ce, "Ƙyale ta. Ni ma in na daɗe a zaune, fente ni za ta yi."

Sai ciwon mantuwa ya kama Eilif. Idonsa garau, amma farar ƙofa a farin bango ta daina zama ƙofa a wurinsa. Yakan yi ta neman banɗaki har ya jiƙa wando. Ƙofar waje ce kaɗai mai duhu, ita yake gani, ita yake buɗewa ya faɗa cikin dusar ƙanƙara da silifa. Ma'aikaciyar jinya ba ta ɓoye wa Torunn ba: in ya sake fita, gidan tsofaffi za a kai shi. Ta ba ta shawarar juya launukan.

Ni na taya ta. Muka shafa wa ƙofar banɗaki ja mai duhu, tana shafawa tana tsaki. Ta waje kuma muka mai da ita fara fat, har mariƙin. Dabarar ta ci, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Eilif ya daina jiƙa wando, ya daina fita.

Nema ne bai daina ba. Ran nan na leƙa shan kofi, na tarar da shi cikin kwat, hula a hannu, yana shafa bango yana tafiya, ya wuce ƙofar waje ya dawo. Tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ya juyo wurin Torunn cikin ladabi.

"Baiwar Allah, yi haƙuri, ta ina ake fita? Matata na jira na, ba ta son in makara."

Torunn ta dubi ƙofar, ga ta nan dab da kafaɗarsa. Ta dube ni, ta mai da ido kansa.

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. "Zo ka zauna, mu jira tare."