Sai-Na-Hau, Mai Wayarin Da Ba Ya Goge Fitilar Birki

Kafin makanikan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share rumfarsa. Yakan fara da teburin ƙarfen da ke jikin bango, ya jera filaya da sukudireba, ya ciro na'urar gwajin mota daga jakarta ya shafe ta da tsumma. Daga nan sai ya ja wata kujera da aka cire daga tsohuwar bas, ya zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya kawo mota, ba bonet yake fara buɗewa ba, direban yake fara zaunarwa.

"Faɗa mini yadda ta yi maka. Kana hawa ko kana gangara? Da kaya ko wayam? An yi ruwa?"

Masu gaggawa sukan yi tsaki, su ce gyara suka zo ba hira ba. Shi ko a jikinsa. Kuma bai taɓa miƙa makullin motar da ya taɓa birkinta ba sai ya shiga gaba an zagaya da shi. Ko mai motar zai yi ta duba agogo, amsar ɗaya ce: "Sai na hau." Tun ana tsokanarsa da maganar har ta zame masa suna. Yau da yawa a layin ba su san sunan da aka raɗa masa ba.

Wannan dattijon ne zai rufe rumfarsa a ƙarshen watan nan, kuma ba zan bari ya tafi shiru ba. Yabon gwani ya zama dole. Ni ban san kan mota ba, ko taya ban iya canzawa ba. Abin da na sani shi ne abin da ya yi wa autan gidanmu.

Auta direba ne. Yana jan akori-kurar wani mai sayar da kayan gini, yana kai wa mutane siminti da rodi. Yaro ne mai tsoron Allah da tsoron titi, har muna yi masa dariya wai keke ma yana wuce shi. Wata rana da hantsi, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, titi na santsi, ya ɗauko kaya fal. Wani mai babur ya gitta masa. Ya taka birki, tayoyin suka cije, motar ta zame da shi gefe ta bugi teburin wata mata mai sayar da ayaba. Ƙafarta ta karye.

Auta ya rantse cewa kafin ya taka birkin ya ga fitilu sun kama a allon gabansa, har da ta birki, sa'annan suka mutu. Ya ce ba ranar suka fara yi masa haka ba. Maigidansa ya kai motar wani gareji. Suka haɗa na'ura, suka danna, suka goge duk bayanin matsalar da motar ta riƙe, suka zagaya da ita ba kaya, birki na ci kamar sabo. Suka ce lafiyarta ƙalau.

To in mota lafiyarta ƙalau, ai ka san wanda ba shi da lafiya. Wasu suka ce barci ya yi, wasu suka ce gudu, wasu kuma suka rage murya suka ce ƙwaya yake sha. Maigidan ya karɓe makulli. Mahaifiyarmu ta daina leƙa maƙwabta. Duk wannan na jure shi. Abin da ya karya mini zuciya shi ne ranar da na kai wa Auta abinci ɗakinsa, na same shi zaune ya zuba wa bango ido, ya ce da ni, "Yaya, ko dai ni ne? Ko ban ga fitilar nan ba?"

Har shi kansa ya fara yarda da su. Ranar na ji tsoro na gaske.

Na je na roƙi maigidan ya bari a sake duba motar. Mutum ne mai adalci, ya ce mu kai ta duk inda muke so. Wani maƙwabcinmu mai faci ya ce mu je wurin Sai-Na-Hau, amma mu tafi da haƙurinmu.

Da muka je, dattijon ya zaunar da Auta a kan kujerar bas ɗin nan. Bai katse shi ba ko sau ɗaya. Da Auta ya zo wurin da aka goge bayanin da na'ura, dattijon ya runtse ido ya girgiza kai.

"Sun goge shaidarka, ɗana. Fitila ba ita ce cutar ba, kuka ne motar take yi. Wa ya taɓa warkar da yaro da toshe masa baki?"

Sai ya juyo gare ni ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce motar yanzu ƙwaƙwalwa gare ta ba ɗaya ba: akwai ta inji, akwai ta birki, akwai ta allon gaban direba, kuma duk suna magana da juna ta wasu siraran wayoyi biyu da aka murɗe kamar igiya. "Kamar gida ne, 'yata. In aka wayi gari wani bai amsa gaisuwa ba, akwai magana. In ta birki ta yi shiru, birkin zai ci, amma abin da ke hana taya cijewa a kan santsi ya tafi hutu."

Ya haɗa na'urarsa, kowace ƙwaƙwalwa ta amsa. Ya auna wayoyin biyu, awo ya fito daidai. Na ɗauka shi ma zai ce lafiyarta ƙalau. Sai na ji ya ce a koma shago a loda mata siminti da rodi kamar na ranar. Yaran shagon suka yi ta gunaguni, wai a ɗora kaya a sauke a banza. Aka dai loda.

Dattijon ya miƙa wa Auta makulli. Auta ya ja da baya, don tun ranar bai sake taɓa sitiyari ba.

"Baba, a samo wani ya ja."

"Wani bai san yadda ta yi maka ba. Kai za ka ja, ni ina gefenka."

Ya shiga gaba ya ɗora na'urar a cinyarsa, ni na takure a kujerar baya. Muka bi wata hanya mai ramuka a bayan gareji, ba mutane. Auta ya ja motar a hankali. Muka je muka dawo, fitilu ba su kama ba. Muka sake komawa, shiru. Zufa ta jiƙa wa Auta riga. Dattijon ya ce, "Ƙara, ɗana. Bi ta wancan ramin da tayar hagu." Motar ta faɗa ramin, kayan suka danna bayanta, sai allon ya haske da fitilu.

"Tsaya a hankali," in ji shi. Ya juyo da na'urar ya nuna wa Auta. "Ka gani? Ta birki ta daina amsawa. Idonka bai yi maka ƙarya ba."

Auta ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza. Dattijon ya kau da kai ya kalli taga har ya gama.

Gano wurin ma wani aiki ne. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashin motar da kayan a kanta, yana bin damin wayoyi da yatsa, taƙi bayan taƙi. Can ya kira mu. Ashe lokacin da aka sa wani mai walda ya yi wa motar ƙarfen ɗora rodi, ƙafar ƙarfen ta sauka dab da wayoyin. In motar wayam take, ba sa taɓa juna. In an yi lodi aka shiga rami, ƙarfen ya ciji wayoyin nan biyu. Ya ci robar har jan ƙarfen ciki ya fito. Dattijon ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe, ya canza wa damin hanya, ya sa aka gyara ƙafar ƙarfen. Sa'annan, ba sai na faɗa ba, sai da ya hau.

Bai wanke Auta tas ba, kuma wannan ya ƙara masa girma a idona. A gaban maigidan ya ce, "Yaron nan bai yi barci ba, bai yi ƙarya ba. Amma kai ma, ɗana, ranar da fitilar birki ta fara yi maka ƙifce, ranar ya kamata ka ajiye mota ka ce ba za ka ja ba." Ya ɗauki guntuwar wayar da ya yanke ya danƙa masa a hannu.

Da guntuwar wayar nan Auta ya je gidan matar da ƙafarta ta karye. Ta jujjuya ta a tafin hannunta, ta ce, "Ashe wannan 'yar abar ce." Ta yafe masa. Har yau tana ɗingishi, kuma har yau in ya bi ta layinta yakan tsaya ya gaishe ta. Maigidan ya mayar masa da makulli. Mahaifiyarmu kuwa ta yafa mayafinta ta shiga maƙwabta gida-gida, wai gaisuwa ta je.

Baba, kai ne wanda ya saurari direba lokacin da kowa ke sauraron na'ura. Kai ne ka sa ranka a kujerar gaba, kusa da yaron da gari ya gama yanke wa hukunci. Na tambayi makanikan layinku, kowa da nasa labarin: motar ɗaukar ɗalibai da ka hana fita, mai motar da ya ce ka cire ƙwan fitilar kawai ka ce ya kai wa wani. Ba a san adadin mutanen da suka isa gida lafiya saboda taurin kanka ba, su ma ba su sani ba.

Ba wanda ya ce wa dattijon ya ajiye aiki. Shi ya ce idonsa ya fara rikita masa koriyar waya da shuɗiya, kuma wanda ba ya rarrabe launin waya ba shi da hurumin taɓa birkin mutane.

Ku da za ku gaji layin, na roƙe ku, ku ɗauki wannan daga gare shi tun yana raye. Kada ku goge fitila kafin ku san abin da ya kunna ta. Ku zaunar da direba ku ji ta bakinsa. In ya ce da kaya ta yi masa, ku loda mata kaya. Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka hutu cikin lafiya, Ya tsare bayanka kamar yadda ka tsare 'ya'yan mutane.

Auta ya riga ya roƙi alfarma, shi zai kwashe masa kayan rumfar ya kai shi gida ranar ƙarshe, a cikin akori-kurar nan. Dattijon ya yarda. Ya ce da sharaɗi ɗaya: a kan hanya a bi da shi ta wancan ramin, da tayar hagu.