Wilin Kawu da Lungun Kaka

Kawuna, autan su Baba, siriri ne kamar tsinken tsintsiya, kuma tun tasowarsa yake da ciwon son abu mai faɗi. Takalminsa ya fi ƙafarsa, tabarau ɗinsa ya cinye rabin fuska. Sana'arsa dakon kaya da wata tsohuwar a-kori-kura: gado, firji, siminti, duk abin da ya samu. Motar ta girme ni, amma ka jingina da ita ka ga yadda ake ɓata rai.

Aiki ɗaya ne bai taɓa fashinsa ba: kai Kaka asibiti awon hawan jini duk wata. Ƙafafunta sun daina kai ta nisa, ga gidanta can ƙarshen wani matsattsen lungu. Sai Kawu ya naɗe madubai, ya kutsa a hankali har ƙofarta, ta taka ta hau.

Ana nan sai ya hangi wata mota a babban titi, tayoyinta sun buɗe waje kamar ɗan kokawa. Shi ke nan, Kawu ya kamu. Washegari sai shagon mai sayar da wili, wato ƙarfen da ake sa wa taya.

Mai shagon ya juya wani wili ya ce, "Maigida, ka ga faifan nan da ake ɗaure noti? In yana kusa da waje, taya ta shige ƙarƙashin mota. In ya ja ciki, taya ta fito. Shi muke ce wa ofset. Wanne kake so?"

"Wanda ya fi fitowa."

"To fa, in ka yi lodi zai riƙa gugar jikin mota, kuma zai ci maka boris ɗin da taya ke juyawa a kai."

"Ni boris na zo saye?"

A yi masa adalci, Kawu ya yi awo. Ya auna ƙofar gidansa, ya auna rumfar da yake ajiye motar. Lungun uwarsa ne kawai bai zo masa a rai ba.

Motar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai duk kwatar da ta taka, masu tafiya a ƙasa su yi wanka. In ya ɗora siminti kuwa, tayoyin baya su dinga kuka ƙiii. Kawu ya ce ai kirari take yi masa.

Ranar asibiti ina gidan Kaka. Muka ji ƙara daga bakin lungu, na leƙa. Kan motar ya shiga, tayoyi sun ce ba da su ba, sun cije bango dama da hagu. Maƙwabta suka fito da shawarwari. Wani ya ce a sace iskar taya, kamar iska ce ta yi faɗin. Ga Kaka zaune a ƙofa da jakarta a cinya, ga lokacin ganin likita yana wucewa.

Kawu ya iso yana gumi, bai kalli kowa ba. Ya juya mata baya ya durƙusa.

"Inna, hau."

"Auta, kai da iska ke ɗauka?"

"Ki hau dai, Inna."

Ta hau. Ƙafafunsa suka yi rawa, sannan suka tsaya. Tun daga nan ta zama direba: "Yi dama, ga kwata. Taka burki, ɗan nema!" Lungu ya cika da dariya, ita ma tana yi har da hawaye. Ina biye da jaka na ji ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Ta nan nake goya ka, kana cire mini ɗankwali." 

Cikin makon Kawu ya mayar da tsofaffin wilinsa. Sababbin suna tsakar gidansa, matarsa ta shuka furanni a ciki.

Da wata ya zagayo, ya shigo har ƙofa yana hon, shi a dole ya gyara laifi. Kaka ta dubi motar sama da ƙasa, ba ta motsa ba.

"Ina ƙafafun nan nata masu kyau?"

"Na cire, Inna. Ba ga shi na shigo ba?"

"Wa ya aike ka?" Ta gyara zaman jakarta. "Koma ka ajiye ta a bakin titi."

Har yau a can yake ajiye ta, ya shigo ya goyo Kaka. In baƙo ya tambaya, sai ya ce motar ce ba ta shiga lungun. Kowa na ganin tsofaffin wilin nan ƙuru-ƙuru, amma ba wanda ya taɓa tanka masa.