Ɓauren da Baba Irimiya Ya Binne

A unguwar Barkin Sale ta Minna har akuyoyi sun san Baba Irimiya, tsohon da ke gaida bishiya kafin ya gaida matarsa. Wani ɗan ɓaure ne a gindin katanga, tsayinsa bai wuce ƙugu ba. Amma in akuya ta yi masa kallo biyu, ihun tsohon nan sai an ji shi har unguwar Tunga.

Asalin abin, da ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature ɗan Italiya kuku, lokacin da ake aikin titi ta wajen ƙauyensu. Mai Lofe suke ce masa. Shi kuwa in ya ƙoshi ba shi da hira sai ta kakansa, wanda yunwa ta kora zuwa wani birni a Amurka tun zamanin jirgin ruwa. Wai a ɗaki guda suke kwana kamar kifin gwangwani, da rana su haƙa lambatu, 'yan gari na toshe hanci in sun wuce. Abin da ya fito da shi daga gida kaf, reshen ɓaure ne a cikin kwat. In sanyi ya zo sai ya haƙa rami, ya kwantar da bishiyar, ya rufe ta da ƙasa kamar gawa. Ƙanƙara na narkewa ya tone ta, ta tashi garau.

Irimiya ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutum da hankalinsa ya yi wa itace jana'iza! Duk da haka ya karɓi reshen da Mai Lofe ya ba shi, ya dasa a gida. Ɗansa Josiah a inuwarsa ya girma.

Sai shekarar da masu bindiga suka shigo ƙauyen. Josiah ya tafi gona, har yau ba shi ba gawarsa. Alisabatu, matar Irimiya, ta fito da tukunya, mijinta ya fito da reshen ɓauren a aljihu. Yanzu ga shi a ɗakin haya, manomin doya yana tura baro a kasuwa, ana ce masa "kai ɗan gudun hijira, matsa". Ya daina yi wa kakan Bature dariya.

Matsalar ita ce mai gidan, Alhaji Ndaman, mutumin Bida, wanda yake son katangarsa fiye da haƙoransa.

"Baba, saiwar abin nan za ta fasa mini gini," in ji shi. "Zan je Bida biki. In na dawo na same shi, ni da adda ne."

"Alhaji, ko ɗa bai fara ba."

"To da ya fara fa? Haya zai biya?"

Irimiya ya zagaya unguwa neman inda zai mayar da shi. Ko'ina siminti, ko'ina na wani. Nan dabarar Amurka ta faɗo masa: a binne shi, Alhaji ya huce, damina ta zo a tone.

"Baban Josiah," in ji Alisabatu, ta riƙe ƙugu, "nan Minna ce fa. Zafin da ke dafa ƙwai a cikin kaza? Ƙanƙarar me ka gani, in ba ta mai kunun aya ba?"

"Ke ba ki zauna da Turawa ba."

Ya naɗe ɓauren da zanen da take zuwa coci da shi, ya kwantar, ya mayar da ƙasa a hankali. Alisabatu ta buɗe baki za ta yi masifar zanen, sai ta ga yadda yake shafa ƙasar da tafin hannu, ta shige ɗaki.

Alhaji ya dawo, ya ga fili fetal, har goro ya ba shi.

Da ruwan farko ya sauka, Irimiya ya tone da hannu don kada fartanya ta ji wa ɓauren ciwo. Gara ta riga shi. Ta ci zanen, ta ci itacen, abin da ya ɗago ɓawo ne da ya marmashe a yatsunsa. A ƙauyen kuwa an ce ko kututturen uwar bishiyar ba a bari ba.

Ya mayar da ƙasar yadda take. Kullum da safe yana nan da butarsa, yana zuba ruwa a wurin. Alhaji ya riga ya sayo siminti, zai shafe tsakar gidan.