Keken da Bappa ya haɗa mini

Jiya a kasuwar Jimeta na ga wani mai gyara yana danna tayar keke da babban yatsa, sai Bappa, ƙanen babana, ya faɗo mini a rai. Shi ma, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne, sai ya taɓa tayarka tukuna yake amsa gaisuwarka.

Shekarar da rikici ya koro mu Yola, na samu koyarwa a Mbamba. Hanyar duk yashi da ramuka, kullum ina makara, har aikin ya kusa kuɓuce mini. Bappa ya bi 'yan gwanjo ya tsinto jikin keken hawan dutse, da giyar keke, da tayoyi masu kaurin haƙora. Tsakar gida ta ɗauki warin giris.

Da ya gama ya ce, "Tsaya in gwada birki, 'yata." Ya naɗe riga ya haye, ya gangara yana ihu, hularsa ta faɗi, mata na ta dariya. Ya dawo yana haki, ya kifa mini hular kwano kan hijabi.

"Je ki, su Malama. Yau ke za ki buɗe makaranta."

Ni kuwa na buɗe ta.

Allah ya shimfiɗa maka hanya marar gargada, Bappa, har cikin Aljanna.