Ranar da Ɗiyata ta Gwada Hannuna da Albasa

Cikin abubuwan da suka same ni a rayuwa, akwai wanda ko tsufa ya kwashe min tunani ba zai kwashe shi ba. Ni 'yar Aliero ce, cikin albasa na buɗe ido. Boko kuwa sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin manya, don haka ba na wasa da karatun 'ya'yana.

Shekarar da babbar ɗiyata take aji biyu na babbar sakandare, malamin kimiyyarsu ya zaɓe ta ta wakilci makarantar a baje kolin binciken ɗalibai da za a yi a Jega. Ta ce za ta binciki inda albasa ta fi daɗewa ba ta ruɓe ba. Ta karɓi albasa wurin babanta ta kasa uku, hamsin-hamsin: kashi ɗaya a buhu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan ɗan rudu, wato gadon kara da ta ɗaura a zaure. Duk Juma'a sai ta leƙa ta rubuta nawa suka lalace.

Abin da ban gane ba shi ne ruɓar ita ce aikin. Ni kuwa ba a haife ni in ga albasa na shirin lalacewa cikin 'yan'uwanta in wuce ba. In ta tafi makaranta sai in bi kashin nan, in danna wuyan kowace da babban yatsa. Wadda na ji ta yi laushi in cire, in yanke mai kyau in zuba a miya. A raina taimakonta nake yi.

Mako huɗu yarinya tana rubuta babu wadda ta ruɓe, har abin ya dame ta ta zazzage buhun ta ƙirga. Talatin da ɗaya ta samu. Ta fara zargin awaki, na ce mata ta bar awaki, ni ce.

"Inna, mi na yi miki?" Iyakar abin da ta ce ke nan, ta zauna a dokin ƙofa hawaye na zuba. Saura kwana goma a tafi Jega.

Babanta ya ce abin ai mai sauƙi ne. "Kowa ya san ta buhu ta fi ruɓewa. Rubuta hakanan ki kai musu, wa zai zo ya ƙirga?"

Na ce wa babanta, "Malam, ni na san wuyar da na sha kafin in iya riƙe biro. Ba a rubuta ƙarya cikin gidan ga." Ya ce to ni da na ɓata in gyara.

Washegari na yafa mayafi na bi ta makaranta. Na gaya wa malamin laifina ne, kada ya cire ta. Na zaci faɗa zai yi, har na shirya amsa. Sai ya gyara zama ya ce, "Hajiya, ta yaya kike gane wadda za ta ruɓe tun ba ta nuna ba?" Na kwatanta masa. Ya ce, "Duk wadda kika cire, da an bar ta ruɓewa za ta yi?"

"Shekara talatin ina wanga aiki," na ce masa, "kai za ka tambaye ni?"

Ya yi murmushi ya dubi ɗiyata. "To ga bincikenki nan. Kwanakin da suka rage sun isa. Gwada hannun Inna."

Haka aka yi. Daga tsibin babanta na zaɓi ashirin da na ce ba za su kai ba, da ashirin da na ce lafiyarsu lau. Ta shimfiɗa su wuri ɗaya, kowane kashi da alamarsa, ta kuma sa ni na yi alkawari a gaban babanta ba zan taɓa ba. Kwanakin nan in na ratsa zauren hannuna har ƙaiƙayi yake yi, sai in damƙe bakin zanena in wuce.

Ranar tara ta yanka su ɗaya bayan ɗaya ina tsaye. Cikin waɗanda na yanke wa hukunci, sha huɗu sun ruɓe, shida garau. Cikin waɗanda na ce lafiyarsu lau, biyu sun lalace daga ciki. Na ce a sake dubawa. Ta miƙo min wuƙar, na duba da kaina, haka abin yake.

Na bi ta Jega. A gaban alƙalai da ɗalibai daga Maiyama da sauran garuruwa, ɗiyar da na goya ta tsaya ba rawar murya ta ce dabarar mahaifiyarta tana aiki, amma ta yi kuskure sau takwas cikin arba'in. Wata daga cikin alƙalan ta tambaya ina mahaifiyar take. Na ɗaga hannu. Ta ce, "Kin yarda da sakamakon?" Na ce, "Ban so ba, amma a gabana anka yanka." Aka yi dariya. Ɗiyata ta zo ta uku, aka ba ta takardar shaida.

A mota muna komawa ba takardar nake tunani ba, shidan nan nake tunani, da irinsu nawa na ware na zubar da rabinsu tsawon shekaru ba wanda ya taɓa ce min me ya sa. Tun daga lokacin duk uwar da ta ce min an ba ɗanta aikin bincike, abu biyu nake gaya mata: ki ba shi wuri, ki kuma janye hannunki. In ya zo ya tambaye ki yadda kika san abin da kika sani, kada ki ce masa rashin kunya ne. Ki tsaya a gwada.